Sunan Yankan Kawu Maɗugu

Laraba, 7 ga Agusta, bayan La'asar

Alhamdu lillahi. Yana da rai, kuma an san inda yake.

Ina tsakar wanke shinkafa Badaruddeen ya kira. Ɗan ajinmu ne a karatun digiri na biyu kan haƙƙin ɗan Adam, lauya ne, yanzu yana aiki da wata ƙungiya a Katsina da ke tsaya wa marasa gata kyauta. Ya ce ya ga Kawu Maɗugu da idonsa, yana zaune kan benci, hularsa na kansa, har yana tambaya ko an janye motarsa daga bakin kwata kafin ruwa ya sauko. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Robar shinkafa ta kife, kaji suka yi bikinsu, ban ko kore su ba.

Tun ran Lahadi da suka zo tasha suka tafi da shi, ba wanda ya ci abin kirki a gidan nan. Su wane ne, ba zan rubuta ba, ko a nan.

Na shiga ɗakin Inna, kakata, wadda ta haife shi, na ce, "Inna, an ga Kawu, lafiyarsa ƙalau." Ba ta tsayar da carbinta ba. Can ta ce, "To. Yaron nan ya samu abin da ya ci?" Yaron nan! Mutum da furfurarsa, babba a cikin direbobin layin Maraɗi. Amma ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ko nuna ta damu da shi a gaban mutane. Na dai ga ta ɓata lissafin carbin, ta koma farko.

Ba a gaya mana laifinsa ba tukuna. Badaruddeen ya ce gobe zai zo da kansa.

Alhamis, 8 ga Agusta, da hantsi

Tanti Zalika, matar Kawu, ta tashi tun asuba ta tuƙa tuwo don a kai masa. Yau na ji ta yi dariya. Na yi barci jiya kamar an sassaƙe ni.

Alhamis, bayan Magariba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bari in rubuta shi a jere, ko kaina zai daina juyawa.

Badaruddeen ya zo, ya gaida su Umma, ya ce yana son magana da ni a zaure. Ko ruwan da na kawo bai sha ba. Ya ce, "Mufida, wane ne Maharazu?"

Na yi dariya, wallahi dariya na yi. Na ce babu shi, ni na ƙirƙire shi.

Kundina na digiri a kan mutanen bakin iyaka ne, yadda rufe boda ya taɓa haƙƙinsu na zirga-zirga. Na yi hira da direbobi, da 'yan dako, da matan da danginsu ke can tsallake. Darasin farko da aka koya mana shi ne kada bincikenka ya jawo wa wanda ya ba ka labari wata cuta. Don haka ana sauya sunan kowa. Ƙungiyar da nake samun horon aiki a wurinta ta ɗauki babi ɗaya ta buga shi rahoto, aka yi ta yaba mini, kaina ya yi girma kamar kabewa. A ciki akwai wani direba da ya faɗi abin da ya gani a wani shinge, da kuma hanyar da ya riƙa bi da marasa lafiya lokacin da babu hanya. Shi ne na sa wa Maharazu. Na zauna na bi direbobin tashar nan ɗaya bayan ɗaya a raina, su Kalilu, su Isah, kowa da kowa, na nemi sunan da ban taɓa jin an kira wani da shi ba a duk Jibiya.

Badaruddeen ya dube ni ya ce, "Sunan da ke jikin lasisin kawunki ke nan."

Na ce ƙarya ne, sunansa Maɗugu. Ya ce, "Maɗugu sunan yanka ne, Mufida?"

Kuma abin haushin, na cire shekarun mutumin, na cire irin motarsa, na cire unguwarsu, duk don in kare shi. Abin da ya rage a takarda: direba, Jibiya, layin Maraɗi, Maharazu. Da hannuna na share duk abin da zai nuna ba Kawu ba ne. Garin neman gira na rasa ido.

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Na sami Umma ita kaɗai tana tsince wake. Na ce, "Umma, mene ne sunan Kawu na yanka?"

Ta waiga ta dubi ƙofar Inna kafin ta yi magana, sannan ta yi ƙasa da murya. Ta ce sunan kakansu ne aka mayar masa, surukin Inna, wanda ya yi maɗugun fatake a zamaninsa. Ga kunyar ɗan fari, ga kunyar suruki, wa zai kama wannan suna a gidan nan? Tun ran suna aka ce Maɗugu, shi ke nan ya bi shi. Umma Yaya take ce masa. Tanti Zalika ta ce Alhaji. 'Ya'yansa ma a makaranta Maɗugu suke rubutawa. Ko da Umma ke ba ni labarin ba ta faɗi sunan ba, sai "sunan nan" take cewa.

Ashe shi ya sa ban taɓa jin sa ba. Ba don babu mai shi ba, don a gidanmu yake. Ina kan hanyar digiri na biyu, na san yarjejeniyoyin duniya da shekarun da aka sa musu hannu, ban san sunan yayan mahaifiyata ba. Kai, Mufida, Allah ya shirye ki.

Na gaya mata komai. Na zata za ta mare ni, har na shirya kumatuna. Ba ta yi ba, ta ajiye faifan a hankali. Ta ce, "Ke kika sa sunan yayana a takarda?" Na ce ni ce. Can fuskarta ta saki, ta ce, "To ai abin ya zo da sauƙi. Tunda ba shi ba ne, sai ki je ki gaya masu mai maganar, su sako mini ɗan'uwana."

Na ɗauki faifan na ci gaba da tsince waken. Ta ce kada Inna ta ji.

Ko ba komai na sauke wannan, Umma ta sani. Na ci waken da rana.

Asabar, 10 ga Agusta, da hantsi

Na kira Dakta Amatullahi, mai duba kundina. Ina tsoron faɗa, sai ta fara da jaje. Ta ce yau za ta rubuta musu a kan takardar sashe cewa duk sunayen da ke cikin binciken na ƙirƙira ne. Ƙungiya kuma ta sauke rahoton daga shafinta. Hankalina ya ɗan kwanta.

Sai ta ce, "Amma kin san sunan mutumin amana ce. Kin yi masa alkawari kafin ya buɗe baki. Ko ni kada ki gaya mini."

Na ce na sani. A raina na ce, ke kina ofis fanka na kaɗa ki, ba kawunki ne a kan benci ba. Allah ya yafe mini, matar ba ta faɗi ƙarya ba.

Lahadi, 11 ga Agusta, bayan La'asar

Ran kasuwa. Na gan shi, direban da na sa wa Maharazu.

Na raka Umma sayen kayan miya, sai ga shi ya taho ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata jajen Kawu kamar yadda kowa ke yi. Umma ta amsa, ta sa masa albarka. Ba ta san wa take sa wa albarka ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malama, ya haƙuri?" Na ce mun gode Allah. Bai tashi ba, yana kallona, leɓensa ya bushe. Ya riga ya gane. Na girgiza masa kai kaɗan, yadda Umma ba za ta lura ba. Na ga ya sauke numfashi.

Matarsa na da tsohon ciki. Ita ta kawo mini ruwa ran da muka yi hirar.

Talata, 13 ga Agusta, bayan Magariba

Na dawo gida. Wannan ma abin godiya ne, don da safe ban tabbata zan dawo ba.

Mun je Katsina ni da Badaruddeen, wurin da ake tsare da Kawu. Wanda ya gan mu mutum ne mai fara'a, har ya sa aka kawo mana lemo. Ya ce sun ga takardar Dakta, sun kuma fahimta, kuskure ne irin na 'yan makaranta. Ya ce shi ma yana da ƙanwa a jami'a. Sannan ya jingina da kujera ya ce, "Hajiya, abin ba wuya. Ki ba mu na gaskiyar, tambayoyi kaɗan za mu yi masa. Dattijon nan yau ya kwana gidansa."

Gaba kura baya sayaki. Sunan ya zo mini har kan harshe, wallahi na ji ɗanɗanonsa. Na ga Tanti Zalika a raina tana share ɗakin Kawu. Badaruddeen ya yi gyaran murya, ya fara magana kan doka, kan cewa ba a tsare mutum a madadin wani. Ban ji rabin abin da ya faɗa ba. Ni dai na riƙe kwalbar lemo da hannu biyu, na ce, "Yallaɓai, ba zan iya ba."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "To, ki yi tunani. Mu ba ma sauri."

Ba su bar ni na ga Kawu ba. Muna fita na jiyo tari daga wani ɗaki, na san tarin. A mota na yi kuka har Batsari ta kusa zama hanyarmu, don Badaruddeen ya rikice ya saki hanyar Jibiya.

Ban faɗa ba.

Laraba, 14 ga Agusta, da safe

Na gaida Umma, ba ta amsa ba.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan Azahar

Umma ta gaya wa Tanti Zalika. Na ji su ta taga. Na zauna a ɗaki ina jiran a zo a ci mutuncina, kuma na cancanta.

Ba ta zo ba. Da na gaji da jira na fito, na same ta tana daka gero ita kaɗai. Tanti 'yar Maraɗi ce, makaranta lakwal take ce mata, kuma ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce, "Ke da lakwal ɗinki! An kai ki ki koyo kare mutane, kin dawo kin kama mini miji." Na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙuri ba ya tuƙa mota. Ta yi ta luguden geron kamar kaina ne a turmin.

Can ta tsaya, ta share gumi, ta ce, "Shi wancan, yana da iyali?" Na ce yana da su. Ta ce, "Ƙanana?" Na ce e. Ta yi tsaki mai tsawo, ta miƙo mini taɓarya. "Ban yafe maki ba tukuna. Amshi, hannuna ya gaji."

Na daka geron nan har tafina ya yi kanta. Rabon da in ji daɗin aiki haka na manta.

Asabar, 17 ga Agusta, da hantsi

Abin dariya, in da mai dariya. Saƙo ya shigo daga wata babbar ƙungiya a Abuja, wadda na nemi aiki wurinta tun kafin azumi. Sun ce sun karanta rahotona kafin a sauke shi, ya burge su, suna gayyata ta ganawa.

Aikin da kowa a ajinmu ke mafarki ke nan. Sa'adiyya ta samu irinsa, yanzu hotunanta duk a ɗakin taro ne da kwalbar ruwa a gabanta. Zunnuraini ya koma koyarwa, ya ce shi da rigima sai a allo. Wasu na jiran gwamnati ta ɗauka. Badaruddeen kaɗai ya zaɓi yawo tsakanin kotu da inda ake tsare mutane da tsohuwar motarsa, muna yi masa tsiya muna ce masa lauyan Allah-ya-isa. Yau shi ne kaɗai muke kallo a gidan nan.

Ban ba su amsa ba. Me zan ce? Na gode, rahoton da ya burge ku yana can zaune kan benci?

Litinin, 19 ga Agusta, bayan La'asar

Direban nan nawa ya tsallaka boda. Na ji a bakin Kalilu direba, yana ba Umma labarin tasha, ya ce wane ya tafi wurin 'yan'uwansa can ciki, ya ce zai daɗe. Na shiga bayi na yi hamdala a asirce, sannan na tuna ba a ambaton Allah a nan, na fito na sake yi.

Umma ba yarinya ba ce. Ta ga fuskata. Bayan Kalilu ya tafi ta biyo ni ɗaki, karon farko da ta yi mini magana tun Laraba. Ba ta tambaye ni ko shi ne ba. Ta ce, "In ma wanda kike karewa ya yi nisa, to yanzu me ya rage? Ki faɗa, ba abin da zai same shi."

Na ce, "Umma, matarsa na nan. Tsohonsa na nan a ƙauye. Mutanen da suka ɗauki Kawu saboda suna kawai, kina ganin ba za su ɗauki uba saboda ɗa ba?"

Ta ce, "Wato bare ya fi yayana." Na ce ba haka ba ne. Ta ce haka ne mana, tunda ga shi. Ta ce da ta san abin da karatun zai haifa ke nan da ta bar ni a digiri ɗaya. Na ji zafin wannan ƙwarai, don ita ta tsaya mini lokacin da kowa ke cewa ya isa haka.

Yau ma ban faɗa ba.

Laraba, 21 ga Agusta, bayan Asuba

Inna ta aiko a kira ni. Ashe ta sani. A gidan nan ba a ɓoye wa Inna komai, ana dai yi kamar an ɓoye, ita ma ta yi kamar ba ta ji ba.

Na zauna bakin tabarma. Ta daɗe ba ta dube ni ba. Sannan ta ce, "Ke, 'yar boko. An ce ke kika ambaci sunan."

Na ce, "Inna, ban san nasa ba ne."

Ta ce, "Ina za ki sani, kin tambaya? Ni tun kafin a haifi uwarki ban kama shi da bakina ba. Ke kin tashi kin buga shi a takarda, duniya ta karanta. Mara kunya." Jika da kaka akwai wasa, amma yau ban ga alamar wasa ba. Na sunkuyar da kai.

Ta ja carbi kaɗan. "An kuma ce akwai wani sunan da kike riƙe da shi, uwarki na son ki saki." Na ce haka ne. Ta ce, "Ya ba ki amana?" Na ce ya ba ni. Ta ce, "To riƙe. Riƙon suna ba ya kisa, ni shaida ce. Yaron nan kuwa ba a hannunki yake ba, yana hannun Allah. Tashi ki ba ni wuri, kin tsare mini haske."

Na tashi na fito. Ban san me ta ce wa Umma ba, amma da rana Umma ta zuba mini abinci da kanta. Ta dangwarar da kwanon da ƙarfi, amma ta zuba.

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan La'asar

Labari mai daɗi, Allah ya sa ya ɗore.

Badaruddeen ya shigar da ƙara kotu kan tauye haƙƙi, an sa rana. Kuma ga abin da ni ban yi tunaninsa ba don ruɗewa: lokacin da abin da ke cikin rahoton ya faru, Kawu ba ya tuƙi. Lokacin ne aka yi masa aikin yanar ido, ya yi watanni yana zaune a zaure da baƙin tabarau yana damun kowa da rediyo. Duk tasha ta sani. Ni kaina na riƙa ɗiga masa magani! Tanti Zalika ce ta tuna, tana cikin faɗa da ni ta ce, "Mutumin da ko ƙofar bayi sai an ja shi, shi zai bi daji da mota?" Badaruddeen ya ce ta maimaita.

Direbobi sun ce za su je su yi shaida, mota guda. Mai unguwa ya ce zai tsaya masa. Badaruddeen ya ce mai yiwuwa su sake shi kafin ranar kotu, don ba sa son zuwa gaban alƙali da irin wannan.

Na yi wanka na sa turare, ban san dalili ba.

Litinin, 26 ga Agusta, da yamma

An ce gobe.

Talata, 27 ga Agusta, da yamma

An ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Gobe. Mai fara'ar nan ya sake aiko da tambaya ta bakin Badaruddeen, ko na yi tunanin. Na ce a gaya masa na yi.

Tanti ta sake share ɗakin.

Laraba, 28 ga Agusta, bayan Magariba

Ya dawo. Ya dawo. Kawu ya dawo!

Alhamdu lillahi, Alhamdu lillahi. Don murna rubutun ma ya karkace.

Tun daga Magama muka fara jin hon, direbobi sun yi masa rakiya kamar ango. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, gemunsa ya yi buzu-buzu, amma da ƙafarsa ya shigo. Tanti Zalika ta rangaɗa guɗa sannan ta fashe da kuka, sannan ta hau shi da faɗa wai ya bar hularsa ta yi dauɗa. Umma ta riƙe hannunsa tana "Yaya, Yaya." Gida ya cika har waje.

Inna kuwa tana jin hon ta shige ɗaki ta saki labule. Ya je ya durƙusa a ƙofa ya gaishe ta. Daga ciki ta ce, "An dawo? To madalla." Shi ke nan. Amma furar da aka kawo masa, ita ta dama ta da hannunta tun da rana, na gani.

Ni na laɓe a bayan mata. Ya hango ni, ya ɗaga mini hannu kamar kullum. Ban iya zuwa ba. Badaruddeen na zaure an cika masa gaba da abinci, wai lauyan Allah-ya-isa. Daga yau duk wanda ya sake kiransa haka ni da shi ne.

Alhamis, 29 ga Agusta, bayan La'asar

Da baƙi suka ragu ya aiko a kira ni. Yana zaure shi kaɗai, an yi masa aski, yana shan shayi. Na durƙusa daga nesa. Na shirya magana tun jiya, na haddace ta, ina buɗe baki ta watse. Na ce, "Kawu, ni ce." Sai kuka.

Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce, "Ɗiyata, matso. To ke da kika raɗa mini suna, ina ragon?" Na yi dariya cikin majina, abin kunya.

Ya ce sun karanta masa wurin, da Turanci, wani ya fassara. Ya ce, "Kafin su kai ƙarshe na gane mai maganar. Wa ke cewa 'ka gane ko' a kowace gaɓa in ba shi ba? Har wannan kika rubuta." Ashe duk ɓoyon da na yi, sunan kawai na ɓoye, na bar muryar. Na ce, "Kawu, sun tambaye ka?"

Ya ce, "Kullum."

"Me ka ce?"

"Na ce ni Maɗugu ne, ban iya boko ba." Ya kurɓi shayi. "Yaron da na koya wa tuƙi da hannuna? Da wane ido zan dubi tsohonshi? Abin da na riƙa tsoro ɗaya ne, kada su matsa maki ki faɗa saboda ni. Da kin faɗa, da zaman nan nawa ya tashi a banza."

Duk kwanakin nan ina ganin ni kaɗai ke riƙe da sunan.

Na ce masa ina tunanin ajiye karatun, tunda ga abin da ya jawo. Na gaya masa har da maganar Abuja. Ya ajiye kofin, fuskarsa ta sauya, irin yadda yake yi wa yaran mota. Ya ce, "Abuja ko Katsina, wannan ke ta shafa. Amma ajiyewa, ban yarda ba. Ni ina da ke, ina da yaron nan lauya, ina da tasha guda. Ɗakin da aka sa ni akwai waɗanda ba wanda ya san suna can. Wani daga Gangara yake, an ɗauke shi a hanyar gona. Wani ɗan dako ne daga tsallake, uwarshi na can tana zaton ya mutu. Ba su da kowa mai takarda."

Ya ce kafin ya fito ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kowa sunansa na yanka, da na ubansa, da garinsu. Ba biro, ba takarda, sai ya riƙa bitar su bayan kowace salla kamar karatun allo, don kada ya manta ko ɗaya.

Ya ce, "Kina da abin rubutu?" Na ce yana ɗaki. Ya ce in ɗauko, in kira Badaruddeen ma ya ji.

Na dawo na zauna, na buɗe sabon shafi. Kawu ya rufe ido, ya gyara zama.

Ya ce, "To rubuta. Wannan karon kada ki sauya ko ɗaya."